Surukin Dakta Nangala

Duk abin da ya faru laifin Tsoho Dinny ne. Na faɗa masa a gaban idonsa, ya yi dariya ya ce in ƙara masa sukari a shayi. Mutum ya haura tamanin, haƙoran da suka rage masa ba su isa tauna biskit ba, amma kwaɗayin mota bai sake shi ba. In ya ga sabuwar mota mai shiga daji, rawar jiki yake kamar saurayi.

A lissafin dangi na garinmu kowa yana da sunan dangi da ke nuna gurbinsa a wajen kowa, kuma a wannan lissafin Dinny ɗana ne. Ya girme ni nesa ba kusa ba, yana kiwon shanun Turawa tun kafin a haife ni, amma sunan danginsa a gurbin 'ya'yana ya faɗo. Don haka Uwa yake ce mini, ni kuma in ya ɓata mini rai in wanke shi tas yadda ake wanke ɗa. Ita kuwa Dakta Nangala, shugabar kwalejinmu, ƙanwar mahaifiyata ce ciki ɗaya, Inna nake ce mata. Ku riƙe wannan, don a nan gizo ke saƙar.

Kwalejin tamu ce, ba ta gwamnati ba, ba ta mishan ba. Majalisar dattawa ke ɗora shugaba, ita ke sauke shi. Inna ta faro ta a wata rumfar kwano da ake jibge tsoffin tayoyi, shekarar da ta dawo daga birni da digirin digirgir ta ƙi aikin da jami'a ta ba ta. Ina cikin ɗalibanta na farko. Ita ta kora ni na ƙaro karatu, ita ta dawo da ni na zama mataimakiyarta. Da safe yaranmu suna aji suna koyon malanta da aikin jinya, da la'asar tsofaffin mata su kwashe su zuwa daji su koya musu abin da babu a littafi. Abu ɗaya ne ba namu ba, lasisin ba da digiri. Wannan daga hukuma yake zuwa, can babban birni, kuma a shekarar ya ƙare. In sufeto ya zo ya ce a'a, jami'ar birni ce za ta karɓe mu. Ta daɗe tana aiko mana da gaisuwa, wai haɗin gwiwa take so, irin haɗin gwiwar da karen daji ke yi da ɗan rago.

Ranar da sufeton zai iso mun yi shara har ƙasa ta gaji da mu. An shafa fenti, an kore karnuka, sun dawo, an sake korarsu. Inna ta sa shuɗiyar rigarta ta zuwa taro ta tsaya a bakin ƙofa, dattawa a bayanta, ɗalibai a jere. Da hantsi aka ce zai zo. Sai da rana ta karkata muka hango mota, ta yi jajur da ƙurar hanya. Wa zan gani a gidan gaba, gwiwar hannu a taga, hula a karkace? Dinny.

Ashe a gidan man da ke kan babban titi ya tsinci mutumin. Ya je can karɓo maganinsa, ya rasa motar dawowa, sai ga Bature da motar gwamnati fil a leda yana tambayar hanya. Dinny ya ce ai shi ne hanyar. Kafin su yi nisa ya fara kiransa Baba. Ya ce masa tun da ya ɗora ido a kansa ya ga kamannin mahaifinsa, don haka daga yau shi ubansa ne, kuma sunan dangin uban nasa ya zama nasa. Uba kuwa ai ba ya barin ɗansa da yunwa. Haka Baturen ya koma kanti ya sayo wutsiyar kangaru, naman dajin nan namu mai tsalle, cike da kwali, da ganyen shayi, da taba, ya kuma bar titi ya kai Dinny ganin wani tafki da ya yi shekaru bai gani ba.

Ya fito daga mota, dogo, rana ta dafa masa wuya, sanye da riga mai zanen ɗigo-ɗigo irin namu, wadda ake sayarwa a filin jirgi. Mista Ashby sunansa. Inna ta tako da murmushi, ta miƙa hannu.

Sai ya dafa ƙirji ya ce da ƙarfi, “Kafin komai, ina so ku sani ni ba baƙo ba ne a nan. An ba ni suna a hanya. Ni Jakamarra ne!”

Ya karya sunan, amma kowa ya ji, sunan dangin uban Dinny ne. Hannun Inna ya sauka, ta kau da fuska, ta juya ta bi ta bayan tankin ruwa ta ɓace. Ba ta yi gudu ba, amma ban taɓa ganin ta yi sauri irin na ranar ba.

Uban ɗana ai mijina ne. Mijina kuwa surukin uwata ne, wato Inna. Suruka da mijin ɗiyarta a wajenmu ba su kallon juna, ba su magana, ba su zama ɗaki ɗaya, ko sunan juna ba su kamawa. In suka haɗu a hanya ɗaya ya ratse cikin ciyawa.

Gwaggo Biddy, shugabar majalisar dattawa, ita ta fara dawowa hayyacinta. Ta dube ni ta kyaɓe baki ta ce, “Noreen, mijinki ya iso kin tsaya kina kallo? Karɓi jakarsa mana, mara kunya.”

Tsofaffin mata suka fashe da dariya har da riƙe ciki. Ni da na binne mijina na gaskiya tuntuni, na ɗauki jakar Bature na yi gaba, raina kamar wuta.

A ofis na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla. Idonsa ya yi ta ƙyalli.

“Abin ban sha'awa! Na taɓa halartar bita a kan wannan. Ashe har yanzu ana yi?”

“Ana yi.”

“Madalla, madalla. Dole a girmama. To yaushe zan gana da Dakta?”

“Ba za ka gana da ita ba.”

“E, yau na gane. Ina nufin gobe.”

“Har ka mutu, Mista Ashby.”

Murmushin ya ɗan daskare. Ya ce to akwai matsala. Dokar hukumarsu ta ce dole sufeto ya zauna da shugaban makaranta su biyu rak, a ɗaki ɗaya, ido da ido, ya gwada shugabancinsa. Zai iya duba azuzuwa, ya duba laburare, ya ƙirga ban ɗaki in ya ga dama, amma in babu wannan zaman babu lasisi. Kuma ranar Juma'a zai juya.

Na iske Dinny a gindin bishiya ya cusa wutsiyar kangaru cikin toka, jikokinsa sun kewaye shi.

“Kai, tsohon banza! Ka san abin da ka yi?”

“Uwa, sannu da aiki. Zauna ki ci.”

“Ci ubanka!”

“Ai shi ya saya.” Ya nuna motar da haɓa. “Haba Uwa, ni na san wurin Kaka Dakta ya zo? Na ɗauka mai duba famfo ne. Duk Baturen da ya zo da irin motar nan famfo yake dubawa.”

“Sunaye nawa ne a duniya da ba za ka ba shi wani ba? Ka mai da shi ɗan'uwanka mana, ko kawunka!”

“Ɗan'uwa yana iya ce maka babu. Uba ba ya iyawa.” Ya busa toka daga naman. “Kuma ki gode mini, na samo miki miji mai albashi.”

Allah ne ya sa ba sanda a kusa.

Washegari muka gwada dabarar da kowa ya sani, wato ɗan aike. Inna ta zauna a laburare ta ba bango baya, Mista Ashby yana ofis a ɗaya ƙarshen baranda, ni ina safa da marwa tsakaninsu da gwiwoyin nan nawa da likita ya ce in riƙa lallaɓawa.

Ya ce in tambaye ta wane hange take da shi ga makarantar nan gaba. Na je na faɗa.

Inna ta dubi karen da ke kwance ƙarƙashin tebur ta ce, “In da wani zai tambaya, da sai a ce masa ina so kowace firamare a ƙasar nan tamu ta samu malamin da ke jin yaren yaran da yake koyarwa, kowane asibitin ƙauye ya samu mai jinyar da tsohuwa ba za ta ji kunyar buɗe mata ciki ba.”

Na kai. Ya ce kyakkyawar amsa. Ya tambayi yadda take magance saɓani tsakanin ma'aikata. Na koma. Ya tambayi me ya sa ake rufe makaranta in an yi rasuwa. Inna ta ce wa karen ana rufewa ne saboda malamai da ɗalibai duk suna wurin makoki, in kuma wani yana son koyar da kujeru ƙofa a buɗe take. Wannan na ɗan rage masa gishiri kafin na kai.

Har azahar muna abu ɗaya. Da muka gama ya cire tabarau ya murza ido ya ce, “Malama Noreen, ban taɓa jin amsoshi masu kyan waɗannan ba. Amma ba zan iya shaida daga bakinta suka fito ba. Ke na gani, ke na ji.”

“To da daga bakin wa suka fito? Karen?”

“Ban ce ba. Amma doka ta ce ido da ido.”

Shi ya kawo shawarar waya. Ya ce ko da murya ce kawai, zai roƙi hukuma ta yi masa sassauci. Aka tara majalisa a inuwar babbar bishiya ta bakin busasshen rafi, maza a gefe, mata a gefe. Wani dattijo ya ce shi dai bai ga laifi ba, tunda lokacin da aka kafa dokar babu waya, kuma waya ba ta da ido. Wani ya ce ta yanzu tana da shi. Aka yi ta ja har shayi ya huce.

Gwaggo Biddy ta bari suka gama, sannan ta tofar da tabar bakinta ta ce, “Ku maza ba ku da hankali. Muryar surukinki a cikin ramin kunnenki, bakinsa manne da kuncinki, yana numfashi kina ji? Ai gara ma ku kwanta bargo ɗaya.”

Aka binne maganar waya.

Sai Mista Ashby ya ce to shi zai mayar da sunan. Ya faɗa da ladabi, ya ce ya gode da karamci amma aiki ya fi ƙarfinsa. Dinny ya ɗora hannu a ka ya fasa kuka, kukan da babu ɗigon hawaye a ciki.

“Baba! Me na yi maka? Ni da na zama maraya sau ɗaya, za ka sake mai da ni?”

Gwaggo ta ce, “Suna ba riga ba ne, ɗan nan, da za ka tuɓe in ka ji zafi. Ka faɗe shi da bakinka gaban gari. Ka ci nama a murhun 'ya'yanka. Yaran can da ke wasa a bayan motarka, wa suke kira Kaka tun jiya?”

Ya waiga. Yara sun cika bayan motar kamar 'yan tsaki, ɗaya ma ya sa sabuwar hularsa.

Ya hau tudun da waya ke kamawa ya kira babban birni, ni ina tsaye ina kore masa ƙuda. Ofishin bincike suka ce doka doka ce, amma tunda abin ya shafi al'ada ya tuntuɓi sashen girmama al'adun 'yan ƙasa. Ya kira sashen. Aka ce mai kula da shi ta tafi taron ƙara wa juna sani a kan girmama al'adun 'yan ƙasa, sai wani makon. Mataimakinta ya ce manufarsu a fili take, kada sufeto ya kuskura ya sa kowa ya karya al'adarsa. Ya tambaya to ya zai yi da ido da ido? Aka ce wannan ba sashensu ba ne, ya tuntuɓi ofishin bincike.

Na ji tausayinsa, gaskiya. Mutumin ba mugu ba ne. Ya shiga azuzuwa ya fito yana ta yabo, ya bi tsofaffi daji ya dawo da ƙaya a gwiwa yana murna. Muna saukowa daga tudun ya rage murya ya ce, “Malama Noreen, tsakanina da ke. Ita fa mai digirin digirgir ce. Ta zauna a birni, ta yi jawabi a ƙasashen waje, ta gaisa da ministoci. Ba za ta iya ajiye abin nan na ɗan lokaci ba? Mu rufe ƙofa, mu gama, ba wanda zai sani. Makaranta guda fa za ta tafi.”

Na kai wa Inna maganar, kuma ban kai ta a matsayin ɗan aike kawai ba, don ni ma ta fara shiga ta. Na same ta a bayan gidanta tana cuɗa fulawa za ta gasa a toka.

“Inna, rai ya fi kunya. In jami'ar nan ta karɓe mu, tsofaffin nan sai dai a riƙa kiransu rawa ranar bikin yaye ɗalibai.”

Ba ta ɗago ba. “Ba wanda zai sani, ko? A garin da in kin soya ƙwai, kafin ya nuna an zo tambayar ina kika samu?”

“To su sani mana! Ai don su kika yi.”

“Ministocin da na gaisa da su ba kowa ba ne a nan, ba su da gurbi. Wannan an ba shi.” Ta juya ƙullun ta danna. “Kin san wahalar da na sha kafin tsofaffin nan su yarda su tako cikin makaranta? Su da aka yi wa bulala a makarantar mishan don sun yi yarensu? Na ce musu wannan gidan a kan dokarmu zai tsaya. Ranar da na rufe ƙofar nan da mutumin can, ba za su zage ni ba, Noreen. Kawai la'asar za ta yi ba wadda za ta zo. Lasisin ya iso ya tarar da kango.” Sannan ta ce a hankali, “Kuma ko sun yafe, jikina ba zai yarda ba.”

Na zauna a kan bokiti. Haushinta nake ji, ina kuma jin haushin kaina da na kawo maganar.

Da ta binne burodin a toka ta ce, “Je ki tambayi wancan. Nangala yake son gani, ko shugaban makaranta?”

Na je na dawo. “Ya ce shugaban makaranta.”

“To ki ce wa Biddy ta tara majalisa da safe.”

Safiyar Juma'a aka sa Mista Ashby ya zauna cikin motarsa can nesa, ya juya mata baya. Inna ta miƙe gaban dattawa ta ce ta ajiye shugabanci, kuma tana ba majalisa shawara ta ɗora Noreen, tunda tana da takardun da ake nema kuma babu abin da ya hana ta zama ɗaki ɗaya da mutumin.

Kafin ta rufe baki wurin ya kaure da shewa. Gwaggo Biddy har da buga ƙasa. “Hana ta? Ai wajibi ne ma! Mata da miji a rufe musu ƙofa!”

Na gane dabarar, na yi dariya ni ma. Shugabar wuni ɗaya. Ya gan ni ido da ido, ya hau motarsa, ranar Litinin majalisa ta mayar da mai kujera kujerarta. Na ce na yarda, amma a ba ni albashin wunin. Aka ɗaga hannu, har Dinny da ba ɗan majalisa ba ya ɗaga biyu.

Mista Ashby ya sake hawa tudu ya tambaya ko ya halatta. Aka ce masa tunda majalisar ce ke da ikon naɗi, babu abin da ya hana. Ya sauko yana fara'a kamar an yi masa gafara.

Muka shiga ofis, ya rufe ƙofa. Tsofaffin nan marasa ta ido suka jeru ƙarƙashin taga suna waƙar da ake yi wa amarya. Ya tambayi me suke rerawa, na ce addu'ar samun lasisi ce. Ya ce abin ya taɓa masa zuciya.

Ya yi tambayoyinsa, na ba shi amsa. Waɗanda na ɗauko daga bakin Inna na mayar masa, ya ce yanzu kam ya ji daga tushe. Da ya zo kan rufe makaranta ranar makoki ban rage gishiri ba, na ce masa ranar da ya mutu, tunda yanzu namu ne, za mu rufe masa shi ma, kuma ba za mu nemi izinin hukuma ba. Ya share tabarau, ya ce ya gode.

Daga ƙarshe ya miƙe ya ba ni hannu. “Zan ba da shawarar a sabunta. Shekara bakwai. Ina taya ki murna, Shugaba.”

“Ka taya Inna, ranar Litinin za ta koma.”

Ya dube ni. “Ba ta faɗa miki ba? Lasisin yana ɗaure ne da shugaban da aka gana da shi. In aka canza kafin wa'adi ya cika, ya faɗi, sai an sake bincike daga farko. Kuma yankin nan ni ke da shi. Jiya ma na roƙa a bar mini shi dindindin, tunda ina da iyali a nan.”

“Wane mara aikin yi ne ya kafa wannan sharaɗin?”

“Dakta ce. Shekaru ta yi tana faɗa a kai kafin hukuma ta yarda. Ta ce ta gaji da makarantun da ke nuna ɗan ƙasa a kujera ranar bincike, washegari su ɗora Bature.”

Ban san lokacin da na fito ba. Masu waƙa suka yi mini guɗa, na ratsa su ko kallo. Inna ta kusa saba'in, idonta ɗaya ya fara hazo, allurar ciwon sukari take yi safe da yamma. Shekara bakwai ba Litinin ba ce, kuma ta fi ni sanin haka tun tana cuɗa fulawa.

Na same ta a garejin makaranta tana loda sandunan haƙa da jarkokin ruwa a bayan motar daji, 'yan aji ɗaya suna miƙo mata.

“Inna, kin cuce ni! Kin sa na yi dariya gaban mutane alhali kin san kujerarki kike binnewa!”

“Da na faɗa miki za ki yarda?”

“Ba zan yarda ba!”

“To kin gani.”

“Ke kika gina wurin nan! Da hannunki kika fitar da tayoyin! Saboda wutsiyar kangaru da kwaɗayin tsohon banza za ki tashi a tutar babu?”

“Makarantar tana hannun wa yanzu?”

“Hannunmu.”

“Tsofaffi za su zo da la'asar?”

Kuka ya ci ƙarfina, ni da jikoki, gaban 'yan aji ɗaya. Ta bar ni na yi mai isata. Ita ma idonta ya kawo ruwa, na gani, ta goge da bakin ɗankwali ta ce ƙura ce. Sannan ta gyara tsayuwa, ta haɗa hannuwa a gaba yadda ƙananan malamai ke yi in sun shigo ofis.

“Shugaba, ina neman izinin fita da mota. Za mu kai yara haƙar damo, za mu dawo kafin duhu.”

“Inna, don Allah ki bari.”

“Ba a fita da motar makaranta sai shugaba ta sani. Yara suna kallo, Noreen.”

Suna kallo kuwa, duk sun yi cirko-cirko da jarkoki a hannu. Na goge fuska, na ce mata na ba da izini, ta kula da tayar baya ta hagu, tana sacewa. Ta ce to, ta gode. Ta ba wani ɗalibi makulli ya ja, ita ta zagaya ta hau baya ta zauna cikin tsofaffi.